Daga Gummi zuwa Masallacin Babban Gwani

Mutumin ƙasarmu ta Gummi idan aka ji ya ɗaura niyyar tafiya Zariya, ba a tambayarsa dalili sai don a tabbatar da abin da aka riga aka zata, domin al'amarin ba ya wuce ɗayan uku: ko dai yana da majinyaci da likitocin Gusau suka tura asibitin koyarwa na Shika, ko yana da ɗa a Jami'ar Ahmadu Bello wanda ya aiko cewa guzuri ya ƙare, ko kuwa Kaduna ya nufa, Zariya ta zama wurin salla da shan ruwa kawai. Saboda haka lokacin da na gaya wa direban motar da ta ɗauke mu daga tasha, cikin hunturun da ya gabaci daminar 2023, cewa ni gini zan je kallo, sai ya dube ni ta madubi ya ce, "Allah shi gafarta malam, ginin laka za ka kallo har Zazzau? Mu da muka neman kuɗin da za mu kada namu mu aza bulo?" Fasinjoji suka yi dariya, ni ma na taya su, domin maganarsa tana da hujja, kuma duk wanda ya taɓa kwana yana tarbar ruwa da kwano a ɗakin soro cikin watan Agusta ya san inda hujjar take.

Abin da ya cusa mini wannan niyya kuwa shi ne karance-karancen da na yi game da biranen ƙasar Italiya, musamman Fulorans, inda aka ce mutane kan taso daga kowace kusurwa ta duniya, su biya kuɗin jirgi da na masauki, su tsaya cikin layi rabin yini, ba don ciniki ko magani ba, sai don su ɗaga kai su dubi ƙubbar babbar majami'ar garin, wadda wani gwani mai suna Burunaleski ya fara ɗorawa a 1420 ya gama a 1436, da tubalin da aka gasa, ba tare da ya kafa katakon da zai tallafe ta tun daga ƙasa ba. Na tambayi kaina ko mu muna da wani abu da ya cancanci a yi masa irin wannan tattaki, sai na tuna cewa littattafan da Turawa suka wallafa a kan ginin Afirka kusan ba wanda ya tsallake Masallacin Juma'a na birnin Zazzau, alhali ni da na sha ratsa Zariya ban taɓa sa ƙafa cikinsa ba.

Hanyar ba sai na tsawaita bayaninta ba, domin mutanenmu sun san ta, sun kuma san irin addu'ar da ake yi a kanta a waɗannan shekaru na 'yan bindiga. Daga Gummi sai Daki Takwas, sai Nasarawar Burkullu ta ƙasar Bukkuyum, sai Anka, mazaunin Sarkin Zamfara, inda gidan sarautar ya sami matabbata bayan Gobirawa sun rushe Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18 kuma sarakunan sun yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan. Daga nan aka fita babban titi a Mayanci, aka wuce Maru, garin da Malam Aminu Kano da ɗan garinmu Shaihu Abubakar Mahmud Gumi suka taɓa koyarwa tun suna samari, aka bi ta Gusau, aka bar dutsen Kwatarkwashi yana kallon matafiya, sai Tsafe, Funtuwa, Giwa. Da la'asar sakaliya dutsen Kufena ya bayyana, kowa ya yi hamdala.

Ƙasashen nan biyu, Zamfara da Zazzau, sun shiga littafi ɗaya tun da daɗewa, kuma abin mamaki a Italiya aka buga shi. Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzani, mutumin Fas wanda 'yan fashin teku suka kama aka kai shi ga Paparoma Leo na Goma a birnin Rum, ya kammala littafinsa na siffanta Afirka a 1526, aka buga shi a 1550 a birnin Banis, wanda Larabawa ke kira Bunduƙiyya, kuma a cikinsa ya kawo Kano da Katsina da Gobir da Zazzau da Zamfara, kowace da babinta. Yadda ya siffanta mu Zamfarawa ba yabo ba ne, kuma ban ga wajibcin in maimaita shi a nan ba.

Baƙon da ya fito daga Samaru ta Ƙofar Doka yake shiga birni, amma ni washegari sai da na sa mai babur ya zagaya da ni Ƙofar Kuyambana, saboda sunanta na garin nan ne na kudancin Zamfara wanda a yau dajinsa kaɗai ake ambata a labarai. Ganuwar da ake jingina wa Sarauniya Amina 'yar Bakwa Turunku, wadda kewayenta ya kai kimanin mil goma, ta zama tudu a wasu wurare, a wasu kuwa masu gini sun ɗebe ta sarai sun yi tubali da ita, ƙofofin kuma an sāke su da siminti. Wanda ya zo don ganuwa zai koma da takaici. Haka nan ƙofar fadar Sarkin Zazzau, wadda kowa ke tsayawa ɗaukar hoto a gabanta: tana da kyau, zanenta na dagi da ƙulle-ƙulle ya cika bango tun daga ƙasa har zankwaye, launukanta kuwa, kore da ja da ruwan ɗorawa da shuɗi, suna kiran ido tun daga nesa, amma a ganina ado ne na ranar hawa, wanda ake gani sau ɗaya a ƙoshi.

A lokacin ziyarata masallacin yana nan dab da fada, kuma wanda bai sani ba zai wuce shi, domin abin da ido ke fara gani gini ne na kankare irin wanda ake samu a kowane babban gari, wanda aka ɗora a shekarun 1970 ya lulluɓe tsohon ginin ta ko'ina. Sai mutum ya tuɓe takalmi ya ratsa sabon sannan ya iske tsohon a ciki. Wani dattijo daga cikin masu hidimar wurin ya amsa sallamata, da ya ji harshena ya ce, "Malam daga ƙasar Sakkwato?" Na ce, "Daga Gummi, Baba." Ya ce to in shigo, amma in yi nafila tukuna kafin in fara ɗaga kai, domin ya lura baƙi masu kallo sukan manta cewa ɗakin Allah suka shigo.

An gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Malam Abdulkarim, na gidan Katsinawa, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, wato tun daga wajen shekara ta 1250 bayan Hijira, lokacin da tutar jihadi ta riga ta kafu, sarakunan da suka gabace shi, Malam Musa da Yamusa, sun yi zamaninsu sun wuce, kuma birni ya natsu har ya sami sararin yin gini na a zo a gani. Maginin shi ne wanda duk ƙasar Hausa ta sani da laƙabin Babban Gwani. Zagezagi suna kiransa Malam Mika'ilu, a wasu littattafan kuma Muhammadu Durugu, har yau akwai unguwa da sunansa a cikin birni, kuma a zuriyarsa sarautar magina take.

Abu na farko da ya buge ni shi ne nauyi. Ginshiƙan suna da kauri ƙwarai daga tushe, suna tashi suna tsukewa a hankali, sa'an nan a wajen da hannun mai tsayi ba zai kai ba sai kowane ya rabu, ya fitar da bakan gizo ta wannan gefe da wancan, bakan ya tafi ya sadu da ɗan'uwansa da ya taso daga wani ginshiƙin, su gitta juna a tsakiyar rufi su yi abin da magina ke kira ɗaurin guga, ta yadda mai tsayuwa a sahu, duk inda ya juya fuskarsa, sai ya ga baka a bayan baka suna tafiya suna ƙanƙancewa har zuwa bangon alƙibla. A jikin ginshiƙan an yi zane mai zurfi, na tsaga-tsaga a tsaye da kusurwa uku-uku da da'irori, kuma ba a cika ba. An bar fili inda ya kamata a bar fili. Ba kowane ginshiƙi ne ya yi daidai da ɗan'uwansa ba, domin hannu ya yi su, kuma ba a yi nufin ɓoye sawun hannun ba.

Mai son ya gane girman wannan aiki sai ya fara sanin ƙarancin abin da aka yi shi da shi. Laka ba ta ɗaukar ja, nauyi kawai take ɗauka daga sama, saboda haka da ita kaɗai ba a iya tsallake fili. Azara kuwa, wato giginyar da aka tsaga, gara ba ta cinta da sauƙi, amma idan aka shimfiɗa ta a kan faɗin da ya wuce taku biyu ko uku aka aza mata ƙasa, sai ta lanƙwasa. Dabarar maginin Hausa ita ce ya haɗa raunin biyu su zama ƙarfi: ya dasa azara cikin bango ta ɗan leƙo waje, ya ɗaure ta da igiya, ya lulluɓe da laka ya bari ta bushe, sa'an nan ya ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, haka daki-daki daga ɓangarorin biyu har su haɗu a sama a ɗinke. Bayan haka a jera gajerun azara tsakanin bakunan, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a tayar da tulluwa, a shafe ta da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, bango kuma a yaɓe shi da makuba ta ɓawon ɗorawa, a fitar da indararo don ruwa ya zuba nesa da tushe. Duk wannan maginan Gummi na dā sun san shi, kuma akwai zaurukan da suka rage a Anka da garinmu masu baka ɗaya ko biyu. Fifikon Babban Gwani shi ne ya ɗauki abin da ake yi wa zaure guda ya jera shi ya zama ɗaki ɗaya mai ɗaukar jama'ar Juma'a, ba tare da takarda ko ma'aunin injiniya ba, kuma lissafin ya tsaya shekara ɗari da tamanin da ɗoriya.

Dattijon ya ba ni labarin da kowane yaro na birni ya sani, cewa da Babban Gwani ya gama na Zazzau sai Sarkin Birnin Gwari ya kira shi ya gina masa nasa, da ya gama kuwa sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani wanda ya fi. Na saurara da ladabi, amma zuciyata ta tafi ga Sinimmar, maginin da Larabawa suka ce ya gina wa Nu'umanu Sarkin Hira fadar Hawarnaƙ, aka saka masa da jefo shi daga samanta, har sakayyar Sinimmar ta zama karin magana a littattafan adabi. Ƙissa irin wannan tana bin manyan magina a ƙasashe da yawa, saboda haka ina ɗaukarta da taka-tsantsan. Abin da ya tabbata shi ne sunansa ya kai har ƙasar Bauci, inda gidan Madaki na Kafin Madaki, wanda ake jingina masa, yana cikin gine-ginen da hukuma ta sanya a jerin kayan tarihi na ƙasa tun kafin mulkin kai. Mutanen Fulorans dai da gwaninsu ya mutu a 1446, cikin majami'ar da ya rufa suka binne shi.

Akwai bambanci na asali tsakanin fasaharsu da tamu wanda ya kamata mai ziyara ya riƙe, don kada ya shiga birni irin Zazzau yana neman abin da ba a nan yake ba. Fasahar Italiya ta ginu a kan surar ɗan Adam, a sassaƙe ko a zane, kuma abin da 'yan kallo suka fi yi wa cincirindo a Fulorans shi ne mutum-mutumin da Mikelanjelo ya gama sassaƙawa daga marmara a 1504. Mu kuwa malamanmu na Malikiyya sun haramta cikakkiyar surar mai rai idan tana da inuwa, suka karhanta wadda aka zana a shimfiɗe, sai basirar masu basira ta kwarara wajen handasa da harafi da zare. Saboda haka a nan ba a tara fasaha a ɗaki guda a sa mata mai gadi. Tana jikin bango, tana wuyan riga, tana cikin gafaka.

Ta wuyan riga na gan ta da hantsi a lungunan birni, inda maɗinka ke zaune a zaure kowa da ƙyalle a gwiwa, suna fitar da aska biyu da aska takwas da allura, aikin da riga ɗaya kan ci watanni, daga nesa kuma ana jin sautin mabuga suna dukan shadda a kan gungume. An gaya mini cewa yanzu mata a cikin gidaje sun karɓi kaso mai yawa na wannan ɗinki, wanda dā na maza ne. Ta cikin gafaka kuwa na gan ta a gidan wani malami da aka haɗa ni da shi, wanda ya fito da Alƙur'ani rubutun hannu na kakansa, warƙa-warƙa ba a ɗinke ba, baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ɗigon ruwan ɗorawa, a gefe kuma zayyanar hizbi da sumuni da rubu'i, kowace da irin da'irarta, ba biyu da suka zama ɗaya. Na roƙe shi izini na ɗaga warƙa guda ta fuskar haske, sai ga alamar da nake tsammani a cikin jikin takardar: jinjirin wata uku a jere. Wannan takarda a arewa maso gabashin Italiya ake yin ta, a masana'antu irin na gidan Galbani da ke yankin Fordenone kusa da Banis, ta ƙetare teku zuwa Masar da Tarabulus, ta hau raƙuma ta ratsa Sahara, kuma a kanta aka kwafi littattafai masu yawa na malaman jihadi da na waɗanda suka biyo bayansu a ƙarni na 19. Malamin ya ce, "Ikon Allah, ashe takardar Nasara ce." Na ce ai wanda ya duba gafakar gidajen malamai a Gummi ma zai same ta.

Wusasa ba ta da nisa daga birni, a gindin Kufena take, kuma na je don ganin majami'ar da 'yan mishan suka gina a 1929 bayan sun baro cikin birni, inda ɗayansu, Likita Mila, ya daɗe yana zaune. Maginan Hausa suka yi ta, da tubali da azara da bakan gizo, har wanda ya shiga bai ga kujeru ba zai iya zaton soron wani basarake ne. A Tudun Wada kuma na nemi gidajen nan da aka yi yayinsu a wajen shekarun 1950, waɗanda attajirai suka sa aka zana musu keke da mota da takobi a fuskar zaure. Kaɗan na samu, su ma siminti da kwanon rufi sun ci rabinsu. Samaru na leƙa kawai. A can ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta ce zanen ɗan Nijeriya ya kamata ya sha daga rijiyar gidansu, kuma sunayensu sun kai gidajen nune-nune na Turai. Amma wannan wani babi ne, kuma hankalina yana can cikin birni.

Kafin in bar garin na koma masallacin na yi azahar, na daɗe ina tunanin wannan rigar kankare da aka sa masa. Waɗanda suka yi ta alheri suka nufa, domin jama'a ta ƙaru kuma damina ba ta raga wa laka. Sai dai ta ɓoye tulluwoyin da zankwayen da aka yi don a hango su daga dandali, ta kuma canza dangantakar ginin da masu shi, domin ginin ƙasa da yake a fili kowace kaka yana kiran magini, a hau a duba, a toshe tsaga, a sāke yaɓe, kuma ta wannan hawa da sauka ne yaro yake koyon abin da kakansa ya sani. Inda aka daina kiran magini, ɗansa makaniki yake zama ko ɗan acaɓa, ba kuwa a ga laifinsa. Italiyawa suna da makarantu da ma'aikatu na musamman don gyaran tsofaffin gine-gine da zane-zane, kuma bayan ambaliyar kogin Arno ta 1966, wadda ta cika majami'u da ɗakunan karatu na Fulorans da taɓo, shekaru suka yi suna wanke littafi warƙa-warƙa. Mu a nan sanin yana cikin kan tsofaffi ƙalilan.

Ranar Juma'a, 11 ga Agusta 2023, ina Gummi labari ya zo ta rediyo cewa wani sashe na rufin masallacin ya rufto a kan masu sallar la'asar, aƙalla mutum bakwai suka rasu, wasu da dama suka ji rauni. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya shaida wa manema labarai cewa an lura da tsaga a bango kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kiran masana sai ƙaddara ta riga fata. Bayan haka aka kafa gidauniyar sāke ginin, attajirai da gwamnatoci suka ba da gudummawa mai yawa. Damina ta gaba, a 2024, ruwa ya ci garinmu na Gummi, gidajen laka masu ɗimbin yawa suka kwanta, kuma duk wanda ya sami halin tayar da nasa da bulo ya tayar.

Wanda yake son ya ga siffar masallacin Babban Gwani daga waje, da tulluwoyinsa a fili kamar yadda mutanen Malam Abdulkarim suka gan shi, sai ya tafi Jos. Wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, wanda ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya taku-taku yana zana su a takarda, ya auna wannan masallaci tun kafin a lulluɓe shi, kuma bisa ma'auninsa aka gina kwafinsa da laka da azara a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke can, kusa da kwafin wani yanki na ganuwar Kano. Daga Zariya hanyar ta Pambeguwa da Saminaka take bi, kuma gara a je da rani.